Faifan Tsohuwar Kwamfutar Baba: Yadda Za Ka Shiga Ɓangarorinsa Daga Sabuwar Windows

Tambaya daga wani mai karatu a Jega, jihar Kebbi:

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya daɗe yana da shagon buga takardu, kuma ya rasu bara. Ya bar wata tsohuwar kwamfuta ta tebur mai Windows XP. Ta daina tashi, mai gyara ya ce bodin, wato babban allon cikinta, shi ne ya ƙone. Cikinta akwai takardun gonaki da filaye da ya buga ma mutane, da katunan biki, da wani littafin tarihin gidanmu da ya yi shekaru yana rubutawa da Hausa. Na ciro faifan ajiyar, na sayi adafta na jona ma laftof ɗina mai Windows 11. Ɓangare guda ya buɗe, amma foldar da takardun shi suke ta ce ba ni da izini. Ɗaya ɓangaren kuma, wanda yake kira D, da na taɓa shi sai a ce sai na yi fomat. Mi zan yi in ga kayan ga ba tare da na ɓata su ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Ƙanena, ka kyauta da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka danna wancan maɓalli. Tun da na fara gyaran kwamfuta a nan Birnin Kebbi, yawancin faifan da aka kawo mini kayan cikinsu sun salwanta, ba tsufa ne ya cinye su ba, hannu ne. Mutum ya ga saƙon Turanci ya tsaya masa a fuskar kwamfuta, sai ya danna Yes ko OK don kawai ya wuce wurin.

Idan na fahimce ka, matsaloli biyu ne a gabanka, kuma ba dangin juna ba ne. Ta farko ƙofa ce a kulle, kaya na ciki lafiya lau, makullin ne ba ya hannunka. Ta biyu kuwa Windows ce ta leƙa ɓangaren D ba ta gane tsarinsa ba, sai ta ɗauka kango ne, ta nemi ta share ta sake gini. Ta farkon ba ta ɗaga mini hankali. Ta biyun ce ta sa zan ce maka ka zare faifan daga laftof yanzu, ka ajiye shi, sai ka gama karanta wannan amsa.

Yadda aka raba faifan tun asali

Tunda aikin Baba ya shafi takardun filaye, bari mu ɗauki misali daga can. Faifan ajiya fili ne guda. Lokacin da aka sa wa kwamfutar XP, an yanka filin gida biyu, C da D, aka rubuta iyakokin a farkon faifan, a wani ɗan wuri mai bait 512 kacal da ake kira MBR. A cikin wannan ɗan wuri, bait 64 ne aka ware wa takardar iyaka, layi huɗu, kowane layi bait 16. Shi ya sa tsohon tsari ba ya ɗaukar manyan ɓangarori fiye da huɗu, kuma ba ya wuce terabait 2. Sababbin kwamfutoci sun koma wani tsari mai suna GPT, wanda a Windows yake ɗaukar ɓangarori har 128, amma Windows 11 ba ta manta da MBR ba. A kan faifan da aka jona don ɗibar kaya, tana karanta shi daidai.

Cikin kowane ɓangare kuma akwai littafin sito, wato rajistar da ke faɗin sunan kowane fayil da inda aka jibge shi. A zamanin XP, wadda ta fito a 2001, rajistar iri biyu ce: FAT32, da ta zo a 1996 tare da wani bugu na Windows 95, da NTFS, da ta fara a 1993 tare da Windows NT. Duka biyun Windows 11 tana karanta su ba tare da ka ƙara mata komai ba. Har ma NTFS ɗin da ke kan laftof ɗinka a yau, lambarta 3.1, ita ce dai wadda XP ta zo da ita. Saboda haka ka cire tunanin cewa faifan Baba ya tsufa da yawa har sabuwar manhaja ba ta jin yarensa. Tana ji sarai. Da ta buɗe maka C ai ta nuna maka hakan. Idan ta ƙi D, akwai dalili, kuma dalilin za mu nema.

Mu fara daga waya da wuta

Kafin in zargi faifai, adafta nake fara zargi. Juya faifan ka dubi bayansa. Idan ka ga layi biyu na ƙananan allurai, wurin guda 40 amma ɗaya babu a tsakiya, faifan IDE ne, irin mai faffaɗan kebul kamar ɗamara mai jan zare a gefe guda. Idan kuma wasu siraran baki biyu ne masu siffar L, ɗaya gajere ɗaya dogo, SATA ne. Kwamfutocin XP an yi su da duka biyun.

Babban faifai na kwamfutar tebur yana cin wuta iri biyu, bolt 12 na juya injinsa da bolt 5 na allonsa. Ramin USB bolt 5 kaɗai yake bayarwa. Don haka dole adaftar ta zo da nata abin wuta da ake sawa a soket, kuma a nan ake yawan samun matsala, domin masu arha ba sa ba da wutar da ta isa. Faifan zai juya, ya buɗe rabi, ya katse, ya dawo. Ka kunna wutar faifan tukuna, ka kara kunnenka a jikinsa. Lafiyayye za ka ji ya ɗauki gudu sumul, ya ɗan yi ƙyas-ƙyas sau ɗaya ko biyu, ya daidaita. Sai bayan nan ka soka USB.

Idan IDE ne, kusa da alluran akwai wata 'yar hula ta roba, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, da ake kira jamfa. An zana a takardar da ke jikin faifan inda za a sa ta. Yawancin adaftoci suna son ta a Master. Wasu faifan kuma suna da wani matsayi na jamfa da ke rage girmansu zuwa gigabait 32, an yi shi ne saboda tsofaffin bodi da ba sa gane babban faifai. In hular ta koma can, ƙarshen faifan zai ɓace, kuma D a ƙarshen yake zaune. Akwai kuma tsohuwar iyakar gigabait 137 da wasu tsofaffin kayan IDE ba sa ƙetarewa. Gwajin mai sauƙi ne: danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc don Disk Management ya buɗe, ka dubi girman da aka nuna wa faifan, ka gwada da na jikin takardarsa. Faifan da aka rubuta wa 80 zai nuna kusan 74 da rabi, wannan bambancin lissafi ne kawai. Amma idan an rubuta 160 ka ga 128, ko an rubuta 80 ka ga 32 ko ƙasa da haka kaɗan, to D ba shi da laifi, jamfa ko adafta za ka canza.

Kada ka ɗora allon faifan a kan ƙarfe, ka sa masa busasshen kwali ko katako. Ka juya masa fanka, musamman in lokacin bazara ne, domin faifan da ke tsirara a zafin Jega na watan Afrilu yakan yi zafin da hannu ba zai jure ba. Abin da ya fi waɗannan duka: laftof ɗinka yana da batir, faifan ba shi da shi. Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, shi kaɗai zai mutu. Ka nemi wurin da ke da inbata ko sola mai tsayuwa. In janareta ne, a sa UPS a tsakani.

Ka ɗaure wa Windows hannu

Mutane da yawa ba su san cewa Windows ba ta shiga faifai ta fito ba ta taɓa komai ba. Da ka jona, takan ƙirƙiri kwandon shararta, ta yi 'yan rubuce-rubucenta, manhajar kashe bairos kuma ta bi fayiloli, wanda ba ta yarda da shi ba ta ɗauke. A kan lafiyayyen faifai wannan ba komai ba ne. A kan faifan da ba mu san lafiyarsa ba, kuma babu kwafinsa a ko'ina a duniya, kowane rubutu kasada ne.

Ga yadda nake yi. Kafin in jona faifan, sai in buɗe Command Prompt da ikon Administrator, in rubuta diskpart, sannan automount disable. Wannan zai hana Windows ba sabon ɓangare harafi da kanta. Sai in jona, in rubuta list disk, in gane faifan ta girmansa, in rubuta select disk da lambarsa, sannan attributes disk set readonly. Daga nan karatu kaɗai aka yarje mata. Idan ina son buɗe wani ɓangare, list volume, select volume da lambarsa, sai assign. In na gama aiki sai in mayar da automount enable. A cikin diskpart akwai kalma guda da ba na so ko da wasa ka rubuta, ita ce clean. Tana share takardar iyaka nan take, ba ta tambayar ko ka tabbata.

Saƙonni uku ne amsarsu Cancel a kullum: wanda ya ce Format, wanda ya ce Initialize Disk, da wanda ya ce Scan and fix. Na fomat ɗin yana da wani haɗari da ya ƙaru a sababbin Windows. A zamanin XP, cikakken fomat sabuwar rajista yake rubutawa, ya duba lafiyar faifai, amma ainihin kayan suna nan kwance, ana iya tono su. Daga Windows Vista zuwa yau, cikakken fomat sifili yake bi yana rubutawa a kan ɓangaren tun daga farko har ƙarshe. Bayan wannan babu gwanin da zai dawo da komai. Shi kuma chkdsk, wanda masu gyara da yawa suke gaggawar kira, aikinsa daidaita rajista ne, ba ceton kaya ba. Abin da bai gane ba yakan yanke shi, ya tara gutsattsarin a wata folda mai suna found.000. Na sha ganin an je neman gira an rasa ido ta wannan hanya.

Hoton faifai kafin komai

Da a ce C da D duka sun buɗe, da sai in ce ka kwafe kayanka ka tafi. Tunda D ya ƙi, ni a wurina aikin farko shi ne ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, wato a kwafe shi tun daga gidan farko har na ƙarshe (gidaje su ne ƙananan gurabun ajiya da ke jere a faifai, kowane da lambarsa) zuwa cikin fayil guda, a kan wani faifan mai sarari fiye da girmansa. Daga nan duk gwajin da za a yi, a kan hoton za a yi shi. In an yi kuskure, asalin yana nan cikin akwati.

Za ka iya fara duba lafiyarsa da wata manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda take karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da kansa, in adaftar ta bari rahoton ya wuce. Layi biyu nake kallo, Reallocated Sectors da Current Pending Sectors. Idan lambobinsu na ƙarƙashin Raw Values ba sifili ba ne, musamman na biyun, faifan ya fara ruɓewa a wasu wurare, kuma kowace awa da ya yi yana juyawa daga kwanansa ake cirewa.

Don ɗaukar hoton, Linux nake amfani da ita, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, ba don ƙin Windows ba, sai don akwai wata manhaja a can mai suna ddrescue da ba ta da na biyu a wannan aiki. Kwafi na yau da kullum idan ya iso wurin da ya lalace yakan tsaya yana ta nacin karantawa, har faifan ya galabaita. Ita ddrescue tsallakewa take yi, ta kwashe duk mai sauƙi tukuna, tana rubuta taswirar inda ta tsallake, sannan ta dawo wa masu wuya daga baya. Ko an katse aikin, daga inda ta tsaya take ci gaba. Ba sai ka sauke Linux a laftof ɗinka ba. Ka sa Linux Mint ko Ubuntu a filashi da manhajar Rufus, ka tashi kwamfutar daga filashin, ba za ta taɓa Windows ɗinka ba. A can sunan kunshin gddrescue. Umarnin lsblk zai jero maka faifan da ke jone da girmansu. Idan tsohon faifan shi ne sdb, sai ka shiga foldar da za ka ajiye hoton ka rubuta sudo ddrescue -n /dev/sdb baba.img baba.map. In ta gama akwai saura, ka maimaita da -r3 a madadin -n. Na farko shi ne inda ake ɗiba, na biyu inda ake zubawa. Ka karanta layin sau uku kafin ka danna Enter. Lafiyayyen faifai mai gigabait 80, ta adafta mai USB 2.0, yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Mara lafiya yana iya kwana.

Wani gargaɗi game da laftof ɗinka kai kanka: da yawa daga cikin masu Windows 11 suna zuwa faifansu a kulle da BitLocker ba tare da mai shi ya sani ba. Idan ka taɓa saitin Secure Boot don ka tashi daga filashi, kwamfutar tana iya neman lambar ceto mai lamba 48 kafin ta sake buɗewa. Ka shiga asusunka na Microsoft ka rubuta lambar a takarda tun kafin ka fara. Idan duk wannan ya yi maka nauyi, ba abin kunya ba ne. Aliero na kusa da ku, a cikin ɗaliban kwamfuta na jami'ar can ba za a rasa wanda ya saba da Linux ba. Amma ka zauna tare da shi har a gama. A faifan nan akwai takardun filayen mutane da sirrin gidanku, amana ce Baba ya bari, ba abin da za a bar wa wani ya kwana da shi ba ne.

Foldar da ta ce ba ka da izini

NTFS tana rubuta wa kowace folda sunan mai ita, amma ba da suna irin namu ba, da wata doguwar lamba da ake kira SID, wadda XP ɗin Baba ta ƙirƙira ranar da aka buɗe masa asusu. Laftof ɗinka bai san wannan lamba ba, sai ya tsaya a ƙofa. In kuma Baba ya taɓa zaɓar Make this folder private, to har masu ikon Administrator an cire su daga jerin.

Windows za ta nuna maka maɓallin Continue, kuma za ka ji ana cewa ka yi amfani da takeown da icacls ka ƙwace mallakar foldar. Suna aiki, amma suna bin fayil ɗaya bayan ɗaya suna sake rubuta izininsa a kan tsohon faifan, abin da muka ce ba ma so ke nan. Akwai hanyoyi biyu da ba sa rubuta komai. Ta farko, Linux ba ta kula da waɗannan izinin, foldar za ta buɗe maka kamar kowace folda. A Ubuntu da Mint akwai manhajar Disks, za ka iya jona hoton baba.img da ita a matsayin karatu kaɗai, ɓangarorin su fito. Ta biyu a cikin Windows ce: a Command Prompt na Administrator, in tsohon C ya zama E a wurinka, ka rubuta robocopy "E:\Documents and Settings" "C:\KayanBaba" /E /B /R:1 /W:1. Harafin B shi ne sirrin, yana sa a kwafa da ikon ajiyar kariya, wanda yake wuce izini. R da W kuma kada ka bar su, domin in ba ka faɗa ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani.

Ka kwashe Documents and Settings ɗungurungum, kada ka tsaya a My Documents. Masu shagon buga takardu a kan Desktop suke zube aikin yau da gobe. Ka duba tushen C ma. In ka ga foldoji sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya, ko folda mai ƙarewa da .exe, tsohon bairos ɗin filashi ne da ya addabi shaguna a wancan lokaci. Kada ka danna su. Ainihin foldojin ɓoye su ya yi, a kan kwafin ka rubuta attrib -h -r -s /s /d za su bayyana, sannan ka bi kwafin da manhajar kashe bairos.

Shi kuma D

In girman faifan ya fito daidai, adafta ba ta da laifi, kuma D yana nuna RAW a Disk Management, wato Windows ba ta gane tsarinsa ba, to mafi yawan lokuta shafin farko na ɓangaren ne ya lalace, wanda ke faɗin irin rajistar da inda take. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana jawo haka, ruɓewar wuri guda ma tana jawowa, kuma bodin da ya ƙone ba mamaki bai tafi shi kaɗai ba. Abin daɗin shi ne waɗanda suka tsara rajistar sun ajiye kwafin wannan shafi: NTFS a gidan ƙarshe na ɓangaren, FAT32 a gida na 6. Akwai manhaja kyauta mai suna TestDisk, ta wani Bafaranshe Christophe Grenier, da ta san inda za ta nemo su. Ka buɗe hoton da ita, ka zaɓi Intel a matsayin irin takardar iyaka, ka shiga Advanced, ka zaɓi ɓangaren, ka nemi ta jero fayiloli. In sunayen foldojin Baba suka fito, daga nan za ka iya kwafe su kai tsaye zuwa wani faifan ba tare da ka gyara komai ba. Ni ko gyaran ba na yi sai na gama kwashe kaya.

Na tuna wani shugaban makarantar Islamiyya da ya zo mini daga wajen Argungu da faifai naɗe cikin hula. Ya fara kai shi wani shago, an danna Initialize, faifan ya koma baƙin layi guda, babu C babu D. Sakamakon jarabawar ɗalibai na shekaru ne a ciki. Muka ɗauki hoto, na sa TestDisk ta bi shi tana neman iyakoki. XP takan fara ɓangaren farko a gida na 63, ba 2048 na sababbin Windows ba, kuma a can ta tsinto shi, na biyun ya fito a bincike mai zurfi. Da jerin sunayen azuzuwa ya bayyana a baƙar fuskar nan, malamin bai ce komai ba, ya ɗora hannu a kan teburin ya yi ta hamdala a hankali. An ci sa'a iyakokin kaɗai aka goge, ba a kai ga fomat ba.

In rajistar kanta ta lalace har TestDisk ta kasa jero komai, sai a koma ga 'yar'uwarta PhotoRec, wadda take bin faifai tana gane fayiloli ta siffarsu. Tana dawo da takardu da hotuna, amma babu sunaye babu foldoji, sai lambobi. Za ka zauna ka buɗe su ɗaya-ɗaya. Akwai kuma yiwuwar D ba na Windows ba ne, misali an taɓa sa Linux mai tsarin ext3 ko ext4 a wurin, wanda Windows ba ta karantawa da kanta. Tunda ka ce Baba yana ajiya a D daga cikin XP, ban sa ran haka ba, kuma lsblk -f zai faɗa maka cikin daƙiƙa.

Littafin Baba da haruffa masu ƙugiya

Wannan shi ne abin da masu gyara suka fi mantawa, kuma a aikinka yana iya zama mafi muhimmanci. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi gurbinsa na kansa, ya zama ruwan dare, masu buga Hausa da font na musamman suke samun ɓ da ɗ da ƙ. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro irin waɗannan haruffa a shekarun 1990, kuma sun yaɗu a shagunan buga takardu na Arewa. Dabarar ita ce a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a wurin. In ka buɗe littafin a kwamfutar da ba ta da wannan font, duk inda Baba ya rubuta ƙasa ko ɗa ko ɓera, wata baƙuwar alama za ka gani a gurbin harafin. Fayil ɗin bai lalace ba. Saboda haka ka kwafe foldar WINDOWS\Fonts ta tsohon C gaba ɗaya, ka duba sunan font ɗin da littafin yake nema, ka sa shi a laftof. In rubutun ya fito daidai, ka fara fitar da shi a PDF don siffarsa ta tsaya. Daga baya ka yi wani kwafin, ka bi da Find and Replace kana mayar da kowace alama zuwa harafin Unicode na gaskiya, babba da ƙarami, don jikokinsa su iya karantawa a waya.

Manhajojin kansu, irin CorelDRAW da PageMaker da ake yin katunan biki da su, ba sa tashi ta hanyar kwafe foldarsu. Fayilolin za ka ɗauka. Word na yanzu yana buɗe .doc na zamanin XP, LibreOffice kuma, wadda kyauta ce, tana buɗe yawancin fayilolin CorelDRAW da PageMaker da Publisher, ko da yake tsarin shafin yakan ɗan goce.

Inda hannuna ba ya kaiwa

Akwai yanayi biyu da duk abin da na faɗa ba zai isa ba. Na farko, idan ka ga sunayen wasu fayiloli kore ne, ko sun ƙi kwafuwa ko da robocopy da Linux, an rufe su da EFS, tsarin ɓoye bayanai da ke cikin XP Professional. Wannan ba izini ba ne da za a zagaye, makullin yana cikin asusun Baba, an ɗaure shi da kalmar sirrinsa. Hanyar ita ce a tayar da XP ɗin daga kwafin hoton a cikin VirtualBox, manhajar da ke tayar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, a shiga da ainihin kalmar sirrin, a cire rufin. Aiki ne mai wuya, domin XP takan yi gardama in ta ga an canza mata bodi, har ta nemi a sake tabbatar da lasisinta. Kada ka bari kowa ya goge kalmar sirrin da manhajar fasa ƙofa, yin haka yana raba asusun da makullin. Ka tambayi Hajiya da waɗanda suka yi aiki a shagon ko akwai mai tuna ta. Kuma kada XP ɗin ta hau intanet, tun 8 ga Afrilu 2014 Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro.

Na biyu, idan ka kara kunne ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere ba tsayawa, ko ƙarar gurza kamar ana niƙa, ko injin ya yi ƙugi ya kasa tashi, ka kashe wutar nan take. Allurar karatu ce ta samu matsala, kuma duk juyin da faifan ya ƙara tana iya kankare fuskar da kayan suke. Kada a sa shi a firji, kada a bubbuga shi, kada a kwance murfinsa. Tazarar da ke tsakanin allurar da fuskar faifai ta fi ƙwayar ƙurar hunturu ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Irin wannan aikin na masu ɗaki na musamman ne mai tace iska, da kayan canjin allura. Ni ba ni da su, kuma ba na karɓar aikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: faifan da aka naɗe aka ajiye a busasshen wuri zai jira ku har ku haɗa kuɗin kai shi wurin masu kayan.

Daga nan inda nake, ban riƙe faifan a hannu ba, ban ji ƙararsa ba, don haka in ka sake jona shi bayan ka ɗaure wa Windows hannu, ka rubuto mini girman da ke jikin takardarsa da wanda Disk Management ya nuna, da kalmar da aka rubuta a kan D, RAW ce ko Unallocated, da lambobin layin nan biyu na CrystalDiskInfo. Da su zan gaya maka ko TestDisk za ka nufa ko adafta za ka canza. A gaida Hajiya da sauran 'yan'uwa.